Injin Kafinta a Kan Tafkin Mille Lacs

Ina sallame sallar asuba maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijo ne da ya haura saba'in, kafinta ne da ya ajiye aiki, kuma tun ranar da ya ji cewa ni ɗan masunta ne daga Yawuri yake cewa sai ya kai ni na ga irin nasu sun. Baba nake ce masa. Da na faɗa masa ma'anar kalmar, ya ce ya karɓa. Ƙarshen Janairu ne, sanyi ya kai digiri 21 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba da shi a gida, irin sanyin da ke daskarar da gashin hanci da numfashin farko.

Muka bar Miniyapolis muka miƙi hanya mai lamba 169 zuwa arewa, tafiyar kamar awa biyu. Mun wuce Princeton da Milaca da Onamia, ko'ina fari fat. Daga nan hanya ta bi gefen yammacin tafkin, ta ratsa ƙasar Ojibwe, mutanen da ke zaune a wurin suna kamun kifi da girbin shinkafar ruwa tun kafin a san za a yi jihar Minesota. Sunan tafkin, Mille Lacs, Faransanci ne, wato tafkuna dubu. A Garrison muka tsaya sayen koto, ƙananan kifaye masu rai a bokiti, kusa da ƙaton mutum-mutumin kifin da suke kira walai, kifin da jihar ke tunƙaho da shi.

Abin da ya fara kama ni shi ne, ban ga ruwa ba. Tafkin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500 ya zama fili guda, an share hanyoyin mota a kansa, har da alamomin kwana. Can nesa ga bukkokin masunta jere kamar ƙauye. Baba ya biya kuɗin shiga, ya kwance bel ɗin kujerarsa, ya ce ni ma in kwance, ya sauke gilashi duk da sanyin. Ya rataya mini wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya, ya ce in ƙanƙara ta fashe da mutum da su zai soka ya jawo kansa. Ban ce komai ba sai addu'ar shiga jirgin ruwa, don ita ce ta zo bakina. Muna tafe a hankali ƙanƙarar tana gurnani a ƙarƙashinmu kamar aradu mai nisa. Ya ce wannan kukan daskarewa ne, ba na karyewa ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana cewa sai kaurin sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ya kai inci 4 kafin mutum ya taka, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusa ƙarfinta rabin na waccan ne. Shi Baba bai yarda da ƙiyasin kowa ba sai ya auna da hannunsa.

Da muka sauke kaya na ga tanti, da bokitai, da gajerun sandunan fatsa da ba su wuce tsawon hannu ba. Na tambaye shi ina abin fasa ƙanƙarar. Sai ya buɗe akwatin aikinsa ya ɗauko injin huda katako mai batir, irin wanda masu haɗa kujeru da kicin ke amfani da shi, duk jikinsa ɗigon fenti. Ya zaro wani dogon mahaƙi mai murɗiya kamar ƙaton sukuru, faɗinsa inci 8, da wuƙaƙe biyu a bakinsa, ya zura kansa a bakin injin ya ɗaure tamau.

A nan ya ba ni labari. Shekaru da yawa injin fetur yake ɗauka, mai nauyi, mai hayaƙi, wanda sai an yi ta fizgar igiya kafin ya tashi a cikin sanyi. Da kafaɗarsa ta samu matsala ya daina iya fizgar, sai ya koma mahaƙin hannu, shi ma rami biyu ya gaji. Hunturu biyu bai leƙo tafkin ba. Matarsa ta rasu a tsakanin, gida ya yi masa faɗi. Ranar da ya ga wani saurayi yana huda ƙanƙara da injin kafinta, ya ce sai ya ji kamar an mayar masa da wani abu da aka ƙwace, don wannan injin shi ne abokin aikinsa na kullum.

Ya koya mini kamar yadda ake koya wa yaron shago. Ba kowane inji ne zai iya ba: sai mai batir na bolt 18 ko 20, mai bakin rabin inci, mai ƙarfin juyi sosai. A sa shi a giya ta ɗaya, mai tafiya a hankali, don ƙarfi ake nema ba gudu ba. Kada a kuskura a sa shi a wurin duka na fasa siminti, wuƙaƙen za su dakushe. Batir kuwa ba a barinsa a waje. Ya buɗe rigarsa ya nuna mini guda biyu a aljihun ciki, suna shan ɗumin jikinsa, domin sanyi yana kashe wa batirin litiyam ƙarfi tun bai yi aikin komai ba.

Ya dasa mahaƙin, ya buɗe ƙafafu, ya danna. Babu ƙara sai wani siririn kuka, garin ƙanƙara yana hawowa ta murɗiyar yana taruwa kamar tsakin masara a bakin injin niƙa. Ban gama mamaki ba na ji fuu, ruwa baƙi ƙirin ya bulbulo. Ya mayar da injin baya ya tura dusar ƙasa, ya kwashe sauran da ludayi mai huji. Ya sa ma'auni: inci 22.

Rami na huɗu ni na karɓa. Ya ce, "Kada ka danna. Bar wuƙa ta ci da kanta, kai dai riƙe." Na riƙe, amma ban kama mariƙin gefe da kyau ba. Daidai inda mahaƙin zai ɓulla wuƙar ta cije, injin ya juya da ƙarfi ya murɗe mini wuyan hannu, zafin ya kai har gwiwar hannu. Ina ƙoƙarin zarowa bakin injin ya saki, mahaƙin ya sulale cikin ramin. Gabana ya faɗi, don a ƙasanmu ruwa ne mai zurfin ƙafa 28. Sai na ji ƙwal. Ashe akwai wani faifai da Baba ya yanka ya ɗaura a wuyan mahaƙin, ya fi ramin faɗi, shi ya tare shi. Bai yi faɗa ba. Ya duba hannuna, ya sa na motsa yatsu, sannan ya nuna mini yadda ake sake ɗaure bakin injin bayan kowane rami biyu ko uku, da yadda ake jingina mariƙin a cinya.

Sai da rana ta ɗaga na gane amfanin wannan sauƙin. Mahaifina a kogin Kwara ba ya kafa kwalekwale wuri guda yana jiran kifi. In nan bai ba da ba, ya sa filafili ya yi gaba. A kan ƙanƙara kuwa kowane motsi sai da sabon rami. Wanda ya sha wuya kafin ya huda ɗaya, a nan zai yini ko da babu komai a ƙasa. Mu kuwa kafin azahar mun huda fiye da ashirin, muna bin gefen wani tudun laka da ke ƙarƙashin ruwa, Baba yana zura na'urar da ke nuna zurfi da motsin kifi a kowane rami, yana girgiza kai muna yin gaba. Ina ganin wannan ne ainihin abin da injin ya ba shi. Ya mayar da shi mai farauta, bayan tsufa ya so ya zaunar da shi.

A rami na goma sha bakwai muka dace, muka dawo muka kafa tanti a kansa. Na yi alwala da ruwan ɗumi na filas, na shimfiɗa rigata a kan ƙanƙara na yi azahar. Da na kai goshi ƙasa na tuna cewa a ƙarƙashin wannan daben kifaye ne ke yawo. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa mai ɗan ɗumin yake kwanciya a ƙasa, ƙanƙara ta yi iyo a sama ta zame masa murfi. Da daga ƙasa take daskarewa da babu abin da zai rayu a tafkin. Na daɗe a sujadar.

Mun kama wasu ƙananan kifaye masu ratsin rawaya da baƙi, guda tara. Walai kuwa sai da rana ta kusa faɗuwa, wajen ƙarfe biyar, don idonsa na ganin duhu ne, a lokacin yake fitowa kiwo. Na ji jan a hankali, kamar an taɓa igiyar da ɗan yatsa. Da kan kifin ya cika ramin Baba ya durƙusa ya cafko shi. Launin zinariya, idanu kamar gilashi mai hazo, farin ɗigo a ƙasan wutsiya. Ya ɗora shi a ma'auni, ya ce bai faɗa cikin tsawon da doka ta yarda a ɗauka a tafkin ba. Ɗan masunta bai saba sakin kifi irin wannan ba, kuma na ji abin a raina. Amma na riƙe shi da hannu biyu na zura kansa a ramin, ya buga wutsiya ya nutse.

Muka naɗe tanti da fitila. Ramukan da muka huda da safe har sun fara rufewa da sabuwar ƙanƙara. Baba ya kwance mahaƙin, ya rufe wuƙaƙensa da murfi, ya goge injin da tsumma ya mayar cikin akwati kusa da guduma da awon ƙarfe. Ya ce ranar Litinin zai shigo da shi ya gyara mini ƙofar kabad ɗin kicin da ya ga tana lilo.