Daga Kumasi Zuwa Damongo A Kan Babban Babur: Shin Sai An Canja Shakazoba?

A 'yan shekarun nan manyan babura na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema sun fara yawa a zangunanmu, tun daga Nima har Aboabo. Duk inda masu su suka zauna hira kuwa, magana ɗaya ce ke fitowa, wai babur ɗin da aka ƙera don titunan Turai ba zai iya hanyar arewa ba sai an cire shakazobansa an sa sabo mai tsada. Ga malamin makaranta wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kuɗin sai ya lashe albashin wata har ya taɓa na gaba. In kuma an ƙi saya alhali ana bukata, to, rai ne a kan taya biyu. Saboda haka da hutun Disamba ya zo, mu biyu muka ce bari mu bar hanya ta raba gardama.

Irin baburan da muke nufi su ne masu gudu kamar na tsere, amma an yi musu wurin zaman mutum biyu da wurin ɗaura jaka don doguwar tafiya, irin su Honda VFR800 da Yamaha FJR1300. Namu ma ɗan wannan dangi ne, ƙirar Japan, ya haura shekara 15. In an cika tanki nauyinsa ya kai kilo 240, tayoyinsa inci 17 ne, kuma iyakar abin da tayar za ta iya lotsawa sama in ta taka rami bai wuce santimita 12 ba. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, zai yi mana amfani a gaba.

Shakazoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, shi ke ɗaukar nauyi. Akwai kuma mai a cikin bututu, wanda ke bi ta 'yan ƙananan ƙofofi yana hana sifirin yin tsalle bayan ya lotsa. Idan man ya tsufa ya tsinke, sai babur ya riƙa lilo kamar kwalekwale, taya tana taɓa ƙasa tana rabuwa da ita. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki.

Kafin mu tashi sai da muka kai shi Magazin ta Suwame, inda makanikan Kumasi suka taru. Aka juye tsohon man sandunan gaba, ya fito baƙi kamar ruwan kwata, aka zuba sabo, aka canja robobin da ke tare shi. Daga nan muka yi awo da tef irin na tela. Aka ɗaga tayar baya aka auna, sa'an nan muka hau mu biyu da jakunkunanmu aka sake aunawa. Ƙa'ida ita ce babur ya nutse kashi ɗaya cikin uku na lotsawarsa ko ƙasa da haka kaɗan, wato santimita 3 zuwa 4. Namu ya nutse 6, rabi ya tafi tun ba mu taka rami ko ɗaya ba. Makanike ya ɗaure zoben da ke matse sifirin na baya har awo ya dawo 4. Duka aikin bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Tamale, wadda tsawonta ya kai kilomita 380 daga Kumasi. Tsakanin Ofinso da Techiman jarrabawar farko ta same mu, wato tudun rage gudu da ke bakin kowane gari, wani ma a jere uku ko huɗu. A nan ne mai babban babur ke jin cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ƙasan injin kusa yake da kwalta. To, da yake an ɗaure sifirin, muka riƙa hawa a giya ta ɗaya, ba mu ji ƙarfe ya gogi ƙasa ba ko sau ɗaya.

Daga Techiman zuwa Kintampo daji ya fara sakewa, gonakin doya da na kashu suka maye gurbin koko. Nan babur ya nuna abin da aka yi shi dominsa, yana kwanciya a kwana ba ya rawa. Muka yada zango a Kintampo muka ci abinci. Garin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 kasuwar goro ta Salaga ta fara ja da baya, fatake da yawa suka karkato da jakunansu nan. Su ma ba su tashi ayari sai madugu ya tabbata an gyara akumari, an daidaita kaya dama da hagu, don sun san jakin da aka yi wa mugun lodi ba ya kai Kano.

Arewa da Kintampo hanya ta miƙe sambal, hazon hunturu ya rufe gaba, rana ta take. Manyan motocin da ke jigila tsakanin Tema da Burkina Faso sun kwarzabi kwaltar a wurare, ga ramuka masu kaifin baki, ga shanu suna tsallakawa ba sallama. Wajen awa biyu muna wannan fama, kafin mu hau gadar Buipe a kan Baƙin Volta, sai muka lura bayan babur ya fara sauyawa. In ya taka rami sai ya yi lilo sau biyu kafin ya natsu, alhali da safe sau ɗaya ne. Dalili shi ne man shakazoban baya ya yi zafi ya tsinke, ga nauyin mutum biyu a kansa. Muka huta rabin awa a inuwa wajen masu sayar da soyayyen kifi, da muka tashi ya dawo daidai. Wannan ita ce alama ta gaskiya da ya kamata mai babur ya sa wa ido.

A mararrabar Fufulso muka bar hanyar Tamale muka yi yamma. Duk wanda ya bi nan kafin 2015 ya san azabar gargadarta, amma a shekarar aka gama shimfiɗa kwalta kilomita 147 har Sawla. Muka shiga Damongo, hedkwatar Jihar Savannah, da la'asar sakaliya. Washegari muka ziyarci tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, muka leƙa gandun dajin Mole inda muka hango giwaye a bakin tafki.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce zuwa gaida wani abokin karatunmu tun kwalejin horon malamai, wanda ke koyarwa a wani ƙauye da hanyarsa burji ce mai gargada da yashi. A nan babur ɗinmu ya zama doki a cikin laka. Haƙora suna haɗuwa, kan babur yana fizga, tilas muka koma tafiyar keke. Muna cikin haka wani malamin gona ya wuce mu a kan Yamaha AG200, ya ɗaga mana hannu, ya bar mu da ƙura. Ba shakazoba mai tsada ya fi mu ba. Tayarsa ta gaba inci 21 ce, ba ta faɗawa ƙaramin rami, kuma babur ɗinsa kusan rabin nauyin namu ne. Manyan baburan daji irin su Africa Twin kuwa suna lotsawa fiye da santimita 20. Ko nawa ka kashe a kan namu, santimita 12 ɗin nan ba za ta ƙaru ba.

To, ga abin da hanya ta koya mana. Wanda yawancin tafiyarsa shi kaɗai ne a kan kwalta, ya canja man gaba, ya gyara robobi, ya yi awon nan na tela, ya duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ya ajiye kuɗinsa. Wanda kullum yana ɗauke da iyali ko kaya, idan ya ɗaure sifirin har ƙarshe amma babur yana nutsewa fiye da kima, to ya nemi sifirin mai ƙarfi daidai da nauyinsa. Idan kuwa ya ga mai yana tsatsafowa a jikin shakazoba, ko lilon nan ya ƙi tafiya ko da sanyin safiya, to kada ya yi jinkiri ko na mako ɗaya, ya gyara ko ya saya, domin rai ya fi dukiya. Wanda kuma aikinsa ko garinsu ke bayan burji, ba sabon shakazoba yake bukata ba, wani babur ɗin yake bukata.

Namu dai mun bar masa nasa, amma mun fara tara kuɗin na baya kafin damina, tun da mu biyu muke hawa. Muna roƙon matasanmu su riƙa sa hular kwano, su kuma guji tafiyar dare tsakanin Kintampo da Buipe. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.