Layin Gaya daban, na Ajingi daban

Ana saura kwana biyu a raba takin zamani, sakataren wata ƙungiyar manoma mai rassa a Gaya da Ajingi ya zauna gaban kwamfuta domin fitar da jerin sunaye guda ɗaya. Kowane reshe da kasonsa, amma buhunan ba za su ishi kowa ba. Wanda sunansa ya faɗo ƙasa zai koma gida hannu rabbana. Dattawan Gaya sun amince a fara da wanda ya riga yin rajista. Na Ajingi kuwa suka ce a fara da wanda ya fi tafka asara a daminar bara.

Ya rubuta umarni biyu da harshen SQL, kowanne da tsarinsa, ya haɗe su da UNION. Da sakamako ya fito, sai ya ga sunayen sun cakuɗe. Wata gwauruwa da ambaliya ta cinye wa gona ta koma can ƙarshe.

Dalilin ya samo asali tun 1970, shekarar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin da rumbunan bayanai irin wannan ke bi: layukan jadawali ba su da na gaba, ba su da na baya. Da zarar an haɗe sakamako biyu, babu tabbacin kowanne zai riƙe jerinsa. ORDER BY ɗaya ne ke da iko, wanda ke ƙarshe, kuma kan kowa yake hawa. Ga wani tarkon kuma: UNION na share layukan da suka zo iri ɗaya, don haka manoma biyu da suna da bayanansu suka yi daidai sai su zama mutum guda. UNION ALL ne ke barin kowa.

Mafitar ita ce ginshiƙai biyu da ya ƙara. Na farko ya ba Gaya lamba 1, Ajingi lamba 2. A na biyu ya sa lambar rajistar ’yan Gaya yadda take, ya sa wa adadin asarar ’yan Ajingi alamar ɗebewa, ta yadda mafi girma zai zama mafi ƙanƙanta. Sannan ya jera duka da ginshiƙan biyu, daga ƙarami zuwa babba.

Duk da haka bai buga takardar ba sai da ya ɗauko littafin rajista, ya bi sunaye goman farko na kowane reshe da yatsa. Sunan gwauruwar na nan na uku.