Gashin Talo-talo a Bakin Ƙugiya

A jihar Tenesi ta Amurka, kusa da tafkin Kentaki, akwai wani dattijo wanda ba ya sayen abin fatsa a kanti. Da kansa yake yi, lokacin sanyi, sa'ad da ba a cika fita kan ruwa ba.

Yakan samo ƙananan ƙugiyoyi masu ɗan kai na ƙarfe, nauyin kowace bai kai giram 2 ba. Sai ya zaɓi gashin talo-talo mai taushi, irin na ƙarƙashin jiki, ya tsinki kaɗan, ya ɗora a bayan kan ƙugiya, ya naɗe da zare, ya ɗiga ɗan gam. A dā, gashin babba-da-jaka na Afirka ne aka sani da wannan taushi, har yau ma sunansa ake kiran gashin da shi a Turance. Yanzu na farin talo-talo ake rinawa.

A busasshe abin ba shi da kyan gani. Amma da ya shiga ruwa, sai gashin ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar ɗan kifi mai rai. In aka cika gashi da yawa, sai ya dunƙule, kifi ya wuce abinsa. Kan dalma kuwa ya daina amfani da shi, gama tsuntsayen ruwa sukan haɗiye ta su mutu. Saboda haka ne jihar Niyu Hamsha ta fara hana ƙananan dalmar fatsa a shekarar 2000.

Me ya sa yake wannan wahala, alhali na kanti ba tsada sosai? Kifin da yake nema, wanda ake kira kirafi, cikin rassan itatuwan da suka nutse yake taruwa. Nan ne kuma ƙugiya takan maƙale, zare ya tsinke. Wanda ya sayi ƙugiya biyar yakan yi ta tattalinsu, yana jefawa a fili inda babu ƙaya, babu kifi. Dattijon nan kuwa, da yake yana da ɗari a gwangwani, tsakiyar rassan yake jefawa. Yakan yi asarar goma a yini, ya koma gida da abin miya.

Mutum ba ya jefa abin da yake tsoron rasawa. Wanda ya san hannunsa zai iya yin wani gobe, shi ne yake kai ƙugiyarsa inda kifi yake.