Kwana Goma Sha Biyu Ba Nama: Abin da Na Gano a Birnin Surat na Ƙasar Indiya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A cikin watan Janairu na shekarar 2023 sha'anin kasuwanci ya kai ni birnin Surat, cikin jihar Gujarat da ke yammacin ƙasar Indiya, domin sarin yadi. Na tashi daga Yamai, na yada zango a Adis Ababa, na sauka Mumbai, daga nan jirgin ƙasa ya yi arewa da ni, tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba. Yadi na je nema, na kuma samo shi. Amma abin da nake son in ba masu karatu labarinsa a yau, a cikin akushi na tsince shi, ban kuwa biya ko dala a kansa ba.

Surat yana bakin kogin Tapi, kusa da inda kogin ke zuba cikin teku. A zamanin sarakunan Mugal daga tasharsa ne alhazan Indiya ke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, har ake yi masa laƙabi da ƙofar Makka. A yau an san shi da gyaran lu'ulu'u da kuma masaƙu. Kasuwannin yadinsa benaye ne masu hawa da yawa, kowane bene cike da ɗaruruwan kantuna, ƴan dako na kai da kawo da dila a ka, mutum ya yini yana zagayawa bai ga ƙarshensu ba.

Dillalin da ya karɓe ni, dattijo ne mabiyin addinin Hindu, ya rantse ba zan ci abincin kasuwa ba muddin ina garinsu. Tun daren farko ya shaida mini cewa a gidansa ba a cin nama, ba a cin kifi, ba a cin ƙwai, tun kaka da kakanni; nono da man shanu kaɗai suke ɗauka daga dabba. Maƙwabtansa mabiya addinin Jain ma sun fi shi tsanani, domin su ko albasa da tafarnuwa da dankali ba su ci, ba su kuma cin abinci bayan faɗuwar rana. Akwai Musulmi da yawa a birnin, musamman a unguwar Rander inda na yi sallar Juma'a, kuma da na so nama da na same shi a can. Sai dai baƙo ba ya raina shimfiɗar mai masauki, don haka na kame bakina har kwana goma sha biyu.

Da aka kawo tire, sai na ga abin mamaki: wainar da suke kira rotla, da hatsi aka yi ta, hatsin nan namu na Maraɗi da Damagaram, wanda su suke kira bajri. Ana gasa ta a kan faifan ƙarfe, a shafa mata man shanu, a ci da mazarƙwaila. Kusa da ita akwai miyar ƙananan wake da suke kira dal, da ganyen hulba, da yankakken tumatir ɗanye, da ɓarin lemun tsami wanda kowa ke matsawa a kan miyarsa. Da yake lokacin sanyi ne, sun kai ni inda ake gasa ɗanyar dawa cikin toka mai zafi, a buge ta cikin jakar ƙyalle, a ci tana ɗumi. Suna kiranta ponk, ni kuwa sai ta tuna mini da tumun kaka. Ran 14 ga wata, ranar bikinsu na Uttarayan, sama ta cika da ƴan filfilon takarda da yara da manya ke saki daga kan soraye, ana ta rabon kantun riɗi mai mazarƙwaila.

Abin da ya sa na zuba ido a kan abincin nan yana da dalili. A shekarar 2021 uwargidana ta kusa rasa ranta wajen haihuwa. Tun cikin yana wata shida take kukan jiri da faɗuwar gaba da kasala, tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, mu kuwa muka ce laulayi ne. Ranar haihuwa sai da aka ƙara mata jini leda biyu, bayan mun yi rabin dare muna neman wanda jininsa ya dace da nata. Gidana kuwa ba a rasa nama. To, idan matar da ake sayo nama a gidanta ta shiga wannan hali, yaya matan da ba su taɓa ɗanɗana shi ba suke rayuwa?

Na yi wannan tambaya ga surukar mai masaukina, wadda likita ce. Da ta buɗe baki ta ce mini "kaka", na yi tsammanin furfurata ta gani, ashe a harshensu baffa ke nan. Ta ce: "Kaka, jini ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe, kuma iri biyu ne. Na cikin nama da hanta da kifi, hanji yana ɗaukarsa cikin sauƙi. Na cikin hatsi da wake da ganye yana da yawa, amma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, sauran ya wuce. Dabarar ita ce a taimaka masa ya shiga."

Ta yi mini lissafi. Namiji baligi yana bukatar kimanin miligiram 8 a yini, mace mai jinin al'ada 18, mai ciki 27. Wanda ba ya cin nama kuwa ana shawartarsa da ya kusan ninka wannan adadi. Kofi guda na dafaffen wake irin namu yana ɗauke da kimanin miligiram 4. Abin da ke riƙe sinadarin ya hana shi shiga jini, wani abu ne da ke cikin ƙwayar hatsi da wake, wanda jiƙo da tsiro da tsami ke rage ƙarfinsa. Shi ya sa suke jiƙa wake ya kwana, wani lokaci har ya fito da tsiro, suke kuma barin ƙullu ya yi tsami kafin su turara shi. Abin da ke buɗe masa hanya kuwa shi ne bitamin C na cikin lemun tsami da ɗanyen tumatir da gwaba, da sharaɗin a ci su tare da abincin, a zama guda. Girki a tukunyar baƙin ƙarfe ma yana ƙara wani abu, musamman in miyar mai tsami ce. Babban abokin gaba, in ji ta, shi ne shayi da kofi a kan abinci. Ya kamata a ba da ratar awa ɗaya ko biyu.

Nan jikina ya yi sanyi, domin a gidana ba a ɗauke kwanon tuwo sai butar shayi tana kan gawayi, uwargida ma takan sha nata tun daga na farko har na uku.

Amma likitar ba ta ɓoye mini gaskiya ba. Ta ce kada in ɗauka sun tsira. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 na matan Indiya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a Gujarat kuwa adadin ya kai kashi 65. Gwamnatinsu ta ƙaddamar da babban shirin yaƙi da cutar tun a 2018, ana raba ƙwayoyi a makarantu da wuraren awon ciki. Da na lura kuma, sai na ga wani hali da na sani: maza ne ke fara ci, mata su ci abin da ya rage. Haka yake a gidajenmu, tsoka ta maigida ce da baƙinsa, romo na mai jego.

A wurinta na fara jin labarin hatsin da masana suka zaɓo saboda yawan sinadarin ƙarfe. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai hedkwata kusa da Haidarabad, wadda ke da reshe a Sadore, kudu da Yamai, ta fitar da iri mai suna Dhanashakti, wanda asalinsa daga hatsin arewacin Togo ne. Da na dawo gida na bincika, sai na tarar a shekarar 2018 an fitar da ɗan'uwansa mai suna Chakti a nan Nijar tare da cibiyarmu ta INRAN, mai kimanin miligiram 65 a kowane kilo. Sai da na ƙetare teku na ji labarin abin da ke bayan gidana.

Mu dubi kanmu. Mutanen Gujarat sun bar nama saboda addini, talakanmu na karkara kuwa ya bar shi ne bisa dole, ba ya ganinsa sai ranar suna ko Layya. Kusan rabin matan ƙasarmu masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Alhali kuwa Allah ya hore mana wake da riɗi da zogale da alayyahu da rama da yakuwa, ga lemun tsami, ga gwaba, ga garin ƴaƴan kuka. Abin da ya rage shi ne haɗi: a matsa lemu a kan shinkafa da wake, a yanka ɗanyen tumatir cikin kwaɗon zogale, a jinkirta shayi, in an samu hanta a fara ba mai ciki da yaran da aka yaye.

Sai dai a kiyaye, abinci kaɗai ba ya warkar da wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da amosanin jini duk suna cin jini, don haka awo a asibiti shi ne farko, kada mutum ya sayi ƙwaya a tebur ya yi ta sha. Mai ciki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta sha maganin ƙarin jini kullum, miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe, ko da yana sa mata tashin zuciya ko baƙin bayan gida. In ya dame ta, ta koma wurin ungozomar asibiti, kada ta jefar da shi.

Tun dawowata, butar shayin gidana ba ta hawa gawayi sai bayan la'asar, kuma ni da kaina nake raba nama. Ina kira ga ƴan'uwana ƴan kasuwa da ma'aikata, kowa ya dubi tafin hannun iyalinsa yau da dare. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.