Mu da Muka Tashi da Faifan Kwafi

An ce wannan makon namu ne, to sai ku yi mana haƙuri, domin ba maganar ƙa'idojin rubutu muka zo da ita ba. Maganar gem ce. Mun san akwai waɗanda da jin haka za su ce yau kuma wasan yara aka kawo mana. A daure a karanta, littafi ne ya jawo zancen.

Makonni uku da suka wuce wata 'yar uwa a ƙungiyarmu ta marubuta ta turo mana hoton hira daga wani guruf na WhatsApp. Littafinmu ne na farko, wanda muka shafe wata goma sha ɗaya muna bugawa a waya, muka sa masa naira ɗari biyar. Ga shi nan an zuba shi gaba ɗaya. Har gargaɗin da muka rubuta a shafin farko, cewa ba mu yafe wa duk wanda ya fitar da shi ba, yana nan daram, ba a ma damu a goge ba. A ƙasa kuma 'yan guruf sai addu'a suke zuba wa wadda ta turo, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Mu da muka rubuta ko sannu.

Mun fara rubuta doguwar Allah ya isa, har mun kai rabi, sai muka tuna wata baƙar leda da ke ƙarƙashin gado a ɗakin soro. Faifan gem ne a ciki sun fi sittin, kuma babu na asali ko ɗaya. Laifi tudu ne. Muka goge abin da muka rubuta.

Mu 'yan zamanin PlayStation 2 ne. Na'urar ta fito a shekarar 2000, an sayar da ita sama da miliyan 150 a duniya, amma sai da ta tsufa a can sannan ta iso unguwarmu. A shagon gem muka fara riƙe fad, ana biyan kuɗi ana buga Winning Eleven, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. Daga baya Yayanmu ya sayo ta hannu, kuma kafin a kawo ta gida sai da aka biya wurin mai gyara ya sa mata cif. A lokacin mun ɗauka cif wani ɓangare ne na na'urar, kamar yadda ake sa wa babur mai. Sai da muka shiga makarantar kimiyya da fasaha muna difloma muka gane abin da yake yi. Tun daga PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a 1994, kamfanin Sony yake dasa wata alama a jikin faifansa tun daga masana'anta, alamar da na'urar kwafi ta gida ba ta iya rubutawa. Haruffa huɗu ne: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. In na'ura ba ta ga alamar yankinta ba sai ta ƙi faifan. Aikin cif kawai shi ne ya yi wa na'urar ƙarya, ya ce mata ta ga alamar. PS2 ta zo da nata kullen, masu cif suka bi ta suka buɗe. Ku lura da yankunan nan uku. Mu ba ma cikin lissafin wanda ya ƙera abin. A unguwarmu babu shagon da ke sayar da faifan asali, kuma da akwai, kuɗin guda ɗaya sai ya ci albashin wani. Wannan ita ce hujjar da muka daɗe muna kare kanmu da ita, kuma har yau muna ganin tana da ƙarfi. Abin da ya dame mu shi ne, ita ce dai hujjar da 'yan guruf ɗin can za su kawo.

A cikin ledar nan akwai faifan da ya mayar da mu marubuta. Mai shago ne ya haɗa mana shi a gyara saboda babu mai saye, wai surutu ya yi yawa a ciki, ba a faɗa sosai. Final Fantasy X ne, na 2001. Irin gem ɗin da ake kira RPG, wato wanda za ka shiga rigar jarumin labari, ka yi tafiya da shi gari gari, ka yi magana da mutane, ka tara abokan tafiya, ƙarfinsa na ƙaruwa a hankali. Da ƙamus a gefe muka buga shi. Labarin wani saurayi ne, Tidus, da ya tsinci kansa a duniyar da ba tasa ba, ya shiga ayarin masu rakiyar wata yarinya, Yuna, wadda ta fita don ta kawar da wani dodo mai suna Sin da ke hallaka garuruwa. Kowa a ayarin ya san cewa in ta yi nasara mutuwa za ta yi. Shi kaɗai ne bai sani ba, sai mu da ke riƙe da fad. Yana ta yi mata alkawarin wuraren da za su je bayan an gama, sauran suna yin shiru. Ranar da gaskiya ta fito sai da muka ajiye fad muka yi zugum, muna tuno duk wuraren da aka yi shirun nan a gabanmu ba mu lura ba.

Wannan darasi babu malamin da ya koya mana shi kamar yadda gem ɗin ya yi. Marubucin ya ɓoye mana abu, amma bai yi mana ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk alamun suna nan, mu ne ba mu gani ba. Da yawa daga cikinmu in za mu girgiza mai karatu sai mu jefo abu daga sama a babi na talatin, wani ɗan uwa da ba a taɓa ambata ba, ko wasiyyar da babu wanda ya san da ita. Mai karatu zai yi mamaki, amma ba zai koma baya ya ce ashe, ashe. Abu na biyu shi ne lokaci. Mun fi awa arba'in tare da mutanen nan, a tsakanin ɗauke wuta da kawo wuta. Ba ko'ina ake sebin ba, sai an kai wasu wurare na musamman, don haka sau da yawa wuta na tafiya da aikin awa guda. Akwai wani bos a kan dutsen Gagazet da ya kashe mu ya fi sau goma, kuma kowane karo sai mun sake kallon doguwar maganar da ke gabanin faɗan, don ba a tsallake ta. Shi ya sa a ƙarshe, da Yuna ta rugo ta rungume shi ta wuce ta cikin jikinsa ta faɗi, mu ma abin ya taɓa mu, don mun sha wuya tare da su. Mu kuwa sai mu kashe jaruma a shafi na biyar mu ce mai karatu ya yi kuka.

(Af, duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya riga ya san ƙashin bayan RPG: mutum ya bar gida neman abu guda, kowane gari da nasa abin, ga abokin hamayya da ke ɓullowa inda ba a zata ba. A Kamaru wani kamfani, Kiro'o Games, ya fitar da nasu mai suna Aurion a 2016. Mu har yanzu muna jira.)

Mu koma kan kulle. Masu gem sun riga mu shiga wannan damuwa da shekaru, kuma sun gwada kusan duk abin da muke tunanin gwadawa. Wasu dabarun har dariya suke ba mu. A EarthBound, na Super Nintendo, in gem ya gane kwafi ne yana da nasa hukuncin. Sai ya ƙara yawan abokan gaba, ya bar ka ka sha wuya har ka kai bos na ƙarshe, sannan ya daskare ya goge duk sebin ɗinka. Wasu 'yan uwa biyu kuma suka yi Game Dev Tycoon, gem ɗin da kake tafiyar da kamfanin yin gem. Da kansu suka saki na sata a intanet, amma a cikinsa ɓarayin kwafi ne ke karya kamfaninka har ka tsiyace. Sai ga waɗanda suka saci gem ɗin sun fito suna tambaya yadda za su hana a sace musu. Da muka fara jin labarin mun yi dariya har da hawaye. Makonni uku da suka wuce muka gane mu ne mutanen.

Irin waɗannan ba mu da ja a kansu, tunda wanda ya biya ba ya ko sanin suna nan. Wanda muke ƙi shi ne kullen da ke hukunta mai gaskiya. A 2010 Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed II na kwamfuta da sharaɗin sai kana kan intanet a kowane lokaci, alhali gem ne na mutum ɗaya. Ku ɗauko wannan sharaɗi ku kawo shi inda sabis ke zuwa yana tafiya. Wanda ya biya ya tsaya cak, wanda ya jira aka fasa kullen yana bugawa lafiya lau. A 2013 Microsoft ya sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a taƙaita aro da sayar da faifan hannu. Mutane suka yi ca, Sony ya fitar da ɗan bidiyo na tsokana yana nuna yadda ake ba aboki aron gem a tasu na'urar, wato ka miƙa masa faifan kawai. Kafin na'urar ta fito kasuwa Microsoft ya janye. Wani misalin shi ne The Crew, gem ɗin tseren mota na 2014. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da gem ɗin ya dogara da su, har wanda ke da faifan asali a hannu ba shi da abin bugawa. Faifanmu na kwafi kuwa, mai sunan da aka rubuta da maka, in an goge shi da gefen riga har gobe yana tashi.

Shi ya sa ba mu ɗokin sababbin na'urori. PlayStation 5 ta fito a 2020, har da samfurin da ba shi da wurin sa faifai sam, komai sai an sauke, gem guda ya cinye datar da za ta yi mana wata biyu. Hotonta ya fi kyau, babu musu. Amma PS2 in ka saye ta ka saya, ƙaninka ya gada, abokinka ya ara. Yawancin yaran unguwarmu yanzu a waya suke buga tsofaffin gem da PPSSPP, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai daga ƙasar Foland yake. Kamfanin CD Projekt ya fara a 1994, a lokacin da kasuwar gem a can take hannun masu kwafi kamar tamu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Marcin Iwiński, shi kansa ya sayar da gem ɗin kwafi a kasuwa yana saurayi. A 1999 suka fassara Baldur's Gate zuwa harshensu, suka ɗauko sanannun 'yan wasa suka yi muryoyin, suka sa taswira da littafin bayani da faifan kiɗa a cikin kwalin. Mai kwafi zai iya kwafar faifai, amma ba zai ba ka kwalin nan ba. Mutane suka saya. A 2008 suka buɗe GOG, shagon da ke sayar da gem babu kulle, kuma a 2015 suka saki The Witcher 3 na kwamfuta haka nan a buɗe. An sace shi, sosai ma. Ya kuma yi kasuwar da kowa ya sani.

The Witcher kuwa daga littafi aka ɗauko shi, kuma nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Marubucin, Andrzej Sapkowski, da aka zo sayen izini an yi masa tayin kaso daga riba, ya ƙi, ya ce a ba shi kuɗinsa a dunƙule, don bai yarda gem ɗin zai yi kasuwa ba. Shi da bakinsa ya faɗi haka daga baya. A 2018 ya nemi a biya shi zuloti miliyan 60, kuɗin ƙasarsu, a ƙarshen 2019 suka sasanta. Asarar da ta fi yi masa ciwo ba ɓarayin kwafi ne suka jawo ta ba, takardar da ya sa wa hannu ce. Muna faɗin haka ne don mun ga 'yan uwa a cikinmu suna kwana suna farautar masu fitar da littafi a guruf, sannan mai tashar YouTube ko mai shirya fim ya zo su miƙa masa labarin gaba ɗaya a kan kuɗin kati, ko rubutacciyar yarjejeniya babu.

Mun samu lambar wadda ta fitar da littafinmu, muka yi mata magana cikin mutunci. Ta ce ai ta biya ɗari biyar ɗinta, littafi ya zama nata, kuma ƙawayenta ba su da halin saye. Ba mu yarda da ita ba. Aron littafi ga ƙawa ɗaya daban, zuba shi gaban mutum ɗari biyu daban, kuma mu ba Sony ba ne, ɗari biyar ɗin nan ita ce kuɗin data da cajin wayar da ake rubutun da ita. Mun faɗa mata haka, ta ba da haƙuri, ta goge, bayan kowa ya riga ya sauke.

Littafi na biyu ya kai babi na goma sha tara. Wani ya ba mu shawarar manhajar da ke hana kwafa da ɗaukar hoton shafi, muka gwada ta a wayar ƙanwarmu, sau biyu tana fitar da ita daga shafi saboda sabis ya yi ƙasa. Mun fasa. Za mu sake shi a buɗe, mu cire gargaɗin shafin farko tunda mun ga iyakar aikinsa. Waɗanda suka biya za mu buɗe musu guruf nasu, su riƙa samun babi kafin kowa, da taswirar garin da labarin ya faru, wadda wani abokinmu da ya karanta zane yake kan zanawa, da kuma muryarmu muna karanta wasu babuka. Taswirar ta tsaya a unguwar marina, don mun canza wa jarumar gida sau biyu kuma mai zanen ya ce ba zai sake gogewa ba sai mun tsayar da magana.