Yadda Dilar Babana Ta Ɓata Tsakanin Kawo Da Kasuwa

A hutun da ya wuce Baba ya ce in riƙa bin sa kasuwa maimakon zaman banza a gida. Rumfarsa tana Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, atamfa da shadda yake sayarwa, waɗanda yake sarowa daga Kantin Kwari a Kano.

Ƙarfin Baba bai wuce dila biyu ko uku ba, ina zai cika mota shi kaɗai? Saboda haka akan haɗa kayan 'yan kasuwa goma ko fiye a mota guda, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a jikin dilarsa. Motar kuwa ba ta tashi sai ta cika, kome gaggawar mai kaya.

A da ina tsammani doguwar hanyar Kano ita ce wahalar. Ashe wahalar tana cikin garinmu. Ranar da kayanmu suka iso, direba ya tsaya a Kawo ya ce nan zai sauke. Ban ga laifinsa ba. Sabuwar gadar saman Kawo da aka buɗe a 2022 ta rage cunkoso a can, amma Titin Ahmadu Bello yake gudu, inda babbar mota ba ta samun wurin tsayawa a bakin kasuwa. Nan aka zube kayan kowa wuri ɗaya, 'yan kamasho suna ihu, masu Keke Napep suna ta ɗiba. Daga Keke kuma sai masu baro da 'yan dako. Dila ɗaya sai ta bi ta hannu huɗu kafin ta shiga rumfa.

Da muka ƙirga, ɗaya ce ta iso. Baba bai ce uffan ba, amma na san kuɗin komawata makaranta suna cikin wadda ta ɓata. Kwana uku muna zarya tsakanin Kawo da kasuwa. Ruwan sama ya wanke rabin lambar wayar, shi ya sa ba wanda ya kira.

Rana ta huɗu sai ga wani dattijo daga Kasuwar Barci ta Tudun Wada. Wai an haɗa ta da kayansa, ya yi ta cigiya da sunan da ya rage a jiki. Ko igiyarta bai kwance ba. Baba ya miƙa masa tukuici, ya ce, "Haba Alhaji, biya mai Keke kawai."