Na Je Utai: Kasuwa Ta Cika, Amma Ina Labarin Kogi?

 Da aka ba mu hutun makaranta na tafi Utai, cikin ƙasar Wudil, don gai da gwaggona. Ga abin da na gano muku.

Ran Juma'a muka ci kasuwar Wudil. In ba ku taɓa ganin karar shanun nan ba, lalle ku je. Fatake daga nesa, manyan motoci ana loda musu shanu zuwa Kudu, baƙi kuma na tsayawa kallo. Tun da aka buɗe jami'a a garin cikin 2001 jama'a sai ƙaruwa take yi. Mai fura da nono, da mai soyayyen kifi, kowacce ta koma gida da abinta ɗaure a bakin zane. Wannan arziki ne, mun gode Allah.

Amma da muka tsaya bisa gada na leƙa kogi, sai jikina ya yi sanyi. Leda ce ko'ina a gaɓa. Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Majemun Challawa da Sharada a Kano suna jeme fatun da ake sayar wa Italiya da Sifen, ruwan jimar kuwa, da gubar da ke cikinsa, yakan gangara Kogin Challawa. Shi ke haɗuwa da Kogin Kano, ya bi ta ƙarƙashin gadar nan zuwa Haɗeja. Da shi ake ban ruwan lambu, cikinsa ake su. Riba tana birni, dauɗa tana gangarowa ƙauye.

Mu ma da namu laifin. Akuyar gwaggona ta yi ta rama har aka yanka ta, sai ga tumbinta cike da leda. Kuɗin kayan ɗakin 'yarta ke nan ya salwanta.

Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, ga shi baƙi na yabon tsabtar Kigali. Baƙo ba ya komawa inda ya toshe hanci.

Batun majemu na hukuma ne, mu dinga tuna wa wakilanmu. Amma kwando da ƙwarya suna hannunmu. Ran kasuwa ki ɗauki naki, ki koya wa 'yarki. Allah Ya sa mu gane, amin.